Kitson Da Ba A Gama Ba

A makarantar su Auta akwai wani tsohon zaure da ake wasan kwaikwayo a ciki. Labulensa ja ne, amma rana ta cinye launin. Katakon dandamalin kuwa, in ka taka sai ya yi kuka kamar ɗan akuya. Yara suna son zauren nan ƙwarai.

Da Auta ta kai aji shida, Malama ta zaɓi wani tsohon wasan ban dariya. Iyayen yaran ma sun yi shi a zamaninsu.

Ga yadda wasan yake. Wata baƙuwa ta zo wurin mai kitso. Aka tsefe kai, aka kitse rabi. Sai baƙuwa ta fara mita, wai wuyanta ya gaji. Mai kitso ta ce, "Zauna lafiya, in ba ki labari."

Daga nan labarin yake fitowa a dandamali. Wa da ƙane ne suka gaji laima ɗaya daga mahaifinsu, kowa ya rantse ba zai saki ba. Tare suke zuwa kasuwa. Tare suke barci, kowa da hannunsa a jikin laima. A ƙarshe iska ta fizge ta, suka zauna cikin ruwan sama suna ƙyalƙyala dariya.

Auta aka ba matsayin baƙuwa. Mai kitso kuma ƙawarta ce, wadda ake kira 'Yar Shiru. Littafi ɗaya aka ba su su biyu, yau a gidan wannan, gobe a gidan waccan.

Ran da littafin ya zo hannun Auta, ta karanta har ƙarshe. Iska ta ɗauke laima, aka ja labule. Ta juya shafi. Ba komai. Ba a sake komawa kan baƙuwa ba.

"Kai! Ina nawa?" in ji ta. "Haka zan tashi da rabin kai?"

Ta duba da kyau, sai ta ga zaren littafin ya saki. Ita kuwa Auta akwai saurin fushi, kamar ashana. Nan take ta yanke hukunci.

Washegari ana tsakiyar gwaji ta miƙe.

"Malama, an yage shafin ƙarshe! Kuma 'Yar Shiru ce. Ba ta so a tafa mini."

Kowa ya juya ya kalli 'Yar Shiru.

"Ni?" in ji 'Yar Shiru. "Wallahi ban yaga komai ba."

"To wa ya yi? A gidanku ya kwana shekaranjiya."

'Yar Shiru ta ajiye matajin da ke hannunta. Hawaye suka cika idonta. Ta ce ta fasa wasan, ta fita.

Malama ba ta yi faɗa ba. Ta aika aka kawo sauran littattafan daga ɗakin karatu, ta jera su a kan tebur.

"Zo ki buɗe ƙarshen kowanne."

Auta ta buɗe na farko. Laima, ruwan sama, labule. Ta buɗe na biyu, haka nan. Har da wani sabo fil, shi ma haka.

"Haka marubucin ya bar shi," in ji Malama. "Kin tambaye ni kafin ki ɗora wa ƙawarki laifi?"

"A'a, Malama."

"To, ba mai kitso, ba wasa. Ke kika ɓata, ke za ki gyara."

'Yan aji suka yi ta hararar Auta. Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

A gida ta iske Mama tana ninke wanki. Ta zauna kusa, ta faɗa mata komai.

"Kin yi kuskure babba," in ji Mama. "Magana zarar bunu ce."

Sai kuma Mama ta ɗauki wata riga. Ta yi murmushi.

"Wasan laima ko? Ni ce mai kitso a namu lokacin. A zauren nan. Labulen yana ja wur a lokacin."

"Ke, Mama?"

"Ni ɗin. Aminiyata ce baƙuwa. Mu ma mun yi ta gardama a hanyar gida. Ita ta ce marubucin mantawa ya yi. Malaminmu, Allah ya jiƙansa, ya ce da gangan ne. Wai labarin ya yi daɗi har ya haɗiye masu ba da shi, 'yan kallo suka zama baƙuwar."

"Ke fa, me kika ce?"

"A lokacin ban san abin faɗa ba. Bayan mun gama makaranta, iyayen aminiyata suka ƙaura. Ban sake ganinta ba." Mama ta shafa rigar. "Yanzu ina ganin mai kitson ce ba ta so a gama. In aka gama kitso, baƙuwa tashi za ta yi. Muddin saura rabi, suna nan zaune tare."

Auta ta kalli Mama. Ba ta taɓa tunanin ita ma ta taɓa zama yarinya mai ƙawa ba.

"Mama, wanne ne daidai?"

"Marubucin bai faɗa ba, ya kuma daɗe da rasuwa. Kowa ya kawo nasa, da dalilinsa. Amma taki ƙawar tana bayan layinmu. Tashi."

Auta ta tarar da 'Yar Shiru tana shara a ƙofar gida.

"Ƙawata, ki yafe mini. Na yi miki ƙazafi."

'Yar Shiru ta ci gaba da shara.

"A gaban kowa kika faɗa."

"A gaban kowa zan janye."

Haka kuwa aka yi. Da safe Auta ta tsaya a dandamali. Ta ce ita ce mai laifi, ƙawarta ba ta yaga komai ba. 'Yar Shiru ta taso ta ɗauki mataji.

"Zauna, baƙuwa. Amma yau sai na ja miki gashi."

Aji ya fashe da dariya.

Malama ta tambayi kowa ra'ayinsa kan ƙarshen wasan. Wani ya ce shafin ya ɓace ne tun kafin a buga littafin. Auta ta faɗi na Mama. 'Yar Shiru ta ce, "Ni ina jin an kira marubucin cin abinci ne, ya ƙoshi, barci ya kwashe shi."

Har Malama sai da ta riƙe ciki.

Ranar wasa zaure ya cika maƙil. Auta ta zauna a gefen dandamali, rabin kai a kitse, rabi a tsaye kamar tsintsiya. Da aka ja labule, wani ƙaramin yaro ya ɗaga murya daga baya.

"To kitson fa?"

Dariya ta ɓarke ko'ina, aka yi ta tafi. Mama tana layin gaba, tana tafi tana share ido. A bakin ƙofa iyaye suka tsaya suna gardama kamar 'yan aji shida, kowa da tasa fassarar.

Daga ranar Auta ta riƙe darasinta. In ba ka gane abu ba, ka tambaya. Kada ka ɗora wa wani laifi a kan zato.