Fitilar Murjani

Ranar kasuwar Dogon Dutsi Shamsiyya ta fara ganin Huzaifa. Ta tsaya bakin rumfarsa riƙe da wata doguwar fitila da ta ƙone, shi kuwa yana duƙe yana gyaran rediyo. Da ya ɗago ya dube ta, sai maganar da ta tsara ta ɓace mata.

"Ta akwatin kifin babanmu ce," ta ce daga baya.

Babanta, Alhaji Sama'ila, ya daɗe yana safarar kaya daga Kotonu. Daga can ya zo da akwatin gilashi mai ruwan gishiri, da 'yan kifaye da murjani mai rai, wata halitta mai kama da tsiro da ke girma a ƙarƙashin teku. Tun da hawan jini ya shanye masa ɓari guda, gaban akwatin yake wuni. Murjanin kuma ba ya rayuwa sai da haske.

Huzaifa ya jujjuya fitilar. "Irin wagga ba a samunta nan. Amma in kin yarda da ni, sai in haɗa wata."

Ya jera ƙananan ƙwayayen LED, shuɗi da fari, a kan sandar alminiyo, ya ɗaura musu fankar tsohuwar kwamfuta don kada su yi zafi. Ranar da ya kunna ta a falon, ruwan ya ɗau sheƙi, Alhaji ya yi dariyar da gidan ya daɗe bai ji ba.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta: "Gimbiyar teku, kifayen sun gode? Ni dai tun da na fito gidanku hankalina bai biyo ni ba."

Ta mayar masa: "Yana nan, Mai Haske. Na adana maka shi."

Sai dai hasken ya yi wa murjanin yawa. Kafin wata ya ƙare, rabinsa ya koma fari fat, alamar yana mutuwa. Ran Alhaji ya ɓaci ƙwarai.

"Kada in sake ganin yaron nan ƙofata!"

A satin ne kuma Rashid, ɗan aminin Alhaji mai aiki a Yamai, ya aiko neman Shamsiyya. Alhaji ya ce zaɓi nata ne, amma kowa ya san inda ransa ya karkata. Saƙonnin Huzaifa suka ɗauke ɗif. Ta yi kuka har idonta ya kumbura, tana zaton kunya ta kore shi.

Da ta gaji ta rubuta: "Mi na yi maka?"

"An ce mini an ba da ke. Ban so in dame ki ba."

"Ba wanda ya ba da ni. Ni na ba da kaina, kuma ka san wa na ba."

Washegari da la'asar ya zo. Inna Lantana, mahaifiyarta, ce ta shigar da shi. Ya durƙusa gaban Alhaji.

"Baba, ni na yi kuskure, ban bincika da kyau ba. Na kawo wa fitilar abin rage haske. A bar ni in gwada, ko da daga nan ba za ni sake shigowa ba."

Alhaji ya kau da kai, amma bai ce a'a ba.

Huzaifa ya rage hasken sosai, yana ƙara shi kaɗan-kaɗan. Kullum in ya zo duba ruwan sai ya matsa wa tsohon ƙafa, ran Juma'a ya tallabe shi zuwa masallaci. Wani sashe na murjanin ya mutu, amma sauran ya fara maido da launinsa.

Wata safiya Alhaji ya kira Shamsiyya. "Ɗiyata, har yanzu shi ɗin ne?"

Ta sunkuyar da kai. "Shi ne, Baba."

"To, ya turo manyansa. Rashid ni zan ba shi haƙuri."

Bayan kaka aka ɗaura aure, dangi suka cika gida tun daga Sukukutane. Da za a tafi da amarya, Alhaji ya dafa kanta da hannunsa mai lafiya.

"Na yarda da ke, na yarda da shi. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Shamsiyya ta so ta ce ta gode, kuka ya hana ta. Matan gidan ne suka amsa mata da amin, aka rangaɗa guɗa.