Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

"Rukayya! Gaya wa uwarki a ba ni ruwan alwala."

"Rukayya, ce wa babanku buta tana inda ya bar ta."

Haka ake magana a gidan Malam Haladu na Durun tun shekarar da aka rage ma'aikata, aka sallame shi daga aiki a Kabo. Shi da matarsa Marka tsakar gida ɗaya suke, amma babu mai duban wani. Autarsu Rukayya ce ke kai saƙo ta komo da amsa. Babbar kuwa, Badi'a, tana gefe tana tankaɗe, ba wanda ya aike ta. Ita ce 'yar fari, Marka kuma jinin Fulani ce da ta riƙe kunyar ɗan fari da gaske: ba ta kama sunanta, ba ta haɗa ido da ita, in ta matsu sai ta ce "waccan". Badi'a ta san al'ada ce. Sanin bai hana zuciyarta tafasa ba duk sa'ad da ta jiyo uwar tana dariya da Rukayya a ɗaki.

Saboda haka, ranar da Ja'afar, malamin firamaren da aka turo daga Gwarzo, ya tsaya ya kira sunanta a natse, sai ta ji kamar ranar aka raɗa shi. Shi ne farkon wanda ta so, ta kuma so shi da tsoro.

A shekarar aka ƙaddamar da Shari'a. Dattawan gari suka hana zance a lungu. Sai a zaure, bayan la'asar, da wani na gida a zaune. Rukayya aka zaunar musu, ita kuwa bakinta ba ya hutawa.

"Yaya Ja'afar, wace kala ka fi so, bulu ko girin?"

"Ina ruwanki da kalar da yake so?" Badi'a ta ce a fusace.

"Sori, Anti! Tambaya ma laifi ce?"

Ja'afar ya yi dariya ya ce bulu. Wata rana kuma yarinyar ta zaro zare, ta ce ya ara mata hularsa. Ta zagaya bakin hular da zaren, ta ƙulla, ta faɗa ɗakin Inna da gudu. Badi'a ta jiyo raɗa, sannan dariya. Ta ce a ranta: "An ba ta Inna, an ba ta Baba. Wannan ɗayan ma ba za a bar mini ba?"

Ta shiga lura, ba ta ci sosai, har ta tarar da abin da take nema a ƙasan akwatin Rukayya: hula shuɗiya, ɗinkin hannu mai kyau, saura kaɗan a gama. Ta sa reza ta yanka ta gunduwa-gunduwa. Da la'asar ta watsa tsummokaran a gaban Ja'afar.

"Ga hularka!"

"Subhanallahi! Badi'a, me na yi?"

"Tambayi wadda ta auna kanka! Inna ta zaɓa maka 'yar da take so, kai ma ka buɗe mata haƙora. Ku je, Allah ya ba da zaman lafiya!"

Ja'afar ya miƙe, fuskarsa ta sauya. "Da ƙanwarki kike zargina? Hajiyarmu ta gargaɗe ni da gidan da miji da mata ba sa gaisawa, na ce ke daban ce. Ashe ban sani ba." Ya ja kekensa ya tafi.

Rukayya ta fashe da kuka. "Wallahi ko allura ban iya riƙewa ba! Inna ce ke ɗinkawa in kin tafi rijiya. Ta ce in ta gama in sa miki a akwatinki, ki ba shi da Sallah, kada in ce daga ita ne!"

Badi'a ta zube a ƙasa. Marka ta fito, ta tsince tsummokaran ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle a gefen zaninta.

"Rukayya," in ji Malam Haladu daga rumfa, "gaya wa uwarki ga tarbiyyarta nan."

Ran nan ba a aiko da amsa ba.

Ja'afar ya daina zuwa, har aka ji yana neman a mai da shi Gwarzo. Badi'a ba ta aika masa kowa ba. Ta durƙusa a ƙofar ɗakin uwarta ta nemi gafara. Marka ta kau da kai. Badi'a ta roƙi Rukayya gafara, suka yi kukansu tare. Daga nan ta karɓe daka da ɗiban ruwa, ta rufe bakinta, ta bar wa Allah sauran.

Ana cikin haka, wata safiya Marka ta sa hijabi ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba. Lokacin ƙarancin mai ne. Sai da ta taka mai nisa kafin ta sami a-kori-kura. Ta komo da yamma ƙafafunta a kumbure.

Washegari aka yi sallama a zaure. Ja'afar ne. Badi'a ta fito ta same shi, kansa a sunkuye.

"Inna ta je wurin Hajiyarmu a Gwarzo," ya ce. "Ta tarar na je gida, ina bayan labule ina ji. Ta durƙusa ta ce, laifin gidan nan nata ne da na Malam, sun bar yarinya ta girma tana zaton ba a sonta. Ta ce, 'Kada ku hukunta Badi'a da laifinmu.'"

Badi'a ta ɗago. "Me ta ce?"

"Ta ce kada mu hukunta—"

"A'a! Sunan. Da bakinta ta faɗa?"

"Da bakinta. Har ta maimaita. Hajiya ta san nauyin abin, ita ma ba ta taɓa kama sunan yayana ba. Hawaye ta yi, ta ce in zo in ba ki haƙuri. Ni ma na yi gaggawa."

Badi'a ta shiga gida. Marka tana gaban murhu, ta ba ta baya, tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

"Inna..."

"Rukayya," Marka ta ce, "ce wa waccan ta kai wa baƙo ruwa."

Badi'a ta yi dariya tana kuka. Malam Haladu, da ya ji komai daga rumfa, ya daɗe yana jan carbi, sannan ya yi gyaran murya.

"Marka. Sannu da hanya."

Rukayya ta buɗe baki za ta kai saƙon, ta ga ba a bukatarta.

Bayan girbi aka ɗaura aure, ango yana sanye da sabuwar hula shuɗiya.

'Yan mata, ku kula: kishi ba ya tambaya kafin ya yanka, kuma ba duk mai yi muku shiru ne ya ƙi ku ba. Ku kuma iyaye, kunya ado ce, amma idan gida ya zama sai da ɗan aike ake magana, 'ya'ya su ne za su fassara shirun da kansu, kuma ba daidai za su fassara ba.