Hoton da Na Ƙi Saukewa

"Sauke shi!"

Yayar saurayina ce ta daka min tsawa, saura awa ɗaya a buɗe zauren baje kolin hotunana. Da yatsa take nuna hoton da ke tsakiyar bango.

"Ba zan sauke ba, Yaya."

Wata takwas na yi ina bin matan da ke tsintar robobi a bola da kyamarata. Ɗaya daga cikinsu ita ce mahaifiyar kafintan da zan aura. Ga ta nan a bango, buhu a ka, tana dariya har giɓinta ya fito.

"Ki tona mana asiri, sannan ki shigo gidanmu amarya? Wallahi in mutane suka ga hoton nan, babu aure!"

A bayanta 'yar kawunsu ce tsaye, wadda ta kai tsegumin. Ta daɗe tana son kafintana. Sai wani sunkuyar da kai take kamar ta Allah.

"Yaya, ni ba na satar fuskar mutum," na ce. "Duk wadda na ɗauka sai na wanke hotunan na baza mata a gabanta ta zaɓa. Guda talatin na shimfiɗa wa Mama a tabarma. Da hannunta ta ɗaga wannan, ta ce a sa shi inda kowa zai gani."

"Tsufa ne!"

"Da buhun nan ta kai ki makaranta. Lokacin ba tsufa ba ne?"

Bakina ya yi kaifi. Amma ina son kafintan nan kamar raina. Shi ya yi wa duk hotunana firam, sai wannan ya ƙi taɓawa, dole na manna shi tsirara da ƙananan ƙusoshi. Kwana uku ke nan bai ɗaga wayata ba.

Ƙofa ta buɗe... shi ne, garin katako a gashinsa, idanunsa jajur.

"Yauwa!" in ji Yaya. "Cire shi da kanka."

Ya wuce ni bai kalle ni ba. Ɗaya bayan ɗaya ya zare ƙusoshin. Na ciji leɓe, na rantse ba za su ga hawayena ba.

"In ka fita da shi, kada ka dawo," na ce.

"Riƙe min nan, rigimammiyata..." ya ce, yana miƙo min hoton.

Sai lokacin na lura da abin da ya jingina a bakin ƙofa: firam na jan katako, ya fi duk sauran kyau.

"Kwana uku ina kunyar a san uwata ce," ya ce a hankali. "Jiya na ji kunyar kaina. Ki yafe min, masoyiyata."

Yaya ta fizgi jakarta, 'yar kawu ta bi ta. Bayan wata biyu dai sun zo bikinmu, fuska a murtuke, kuma sun ci sun ƙoshi.

Amma ni a ranar nan na gama aurensa a zuciyata. Baƙi sun cika zaure, wani dattijo mai tabarau ya tsaya gaban hoton ya ce, "Allah sarki, wace baiwar Allah ce wannan?"

Kafintana ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya har na ƙarshen zaure suka juyo.

"Mahaifiyata ce."