Ranar da Inna Ta Ji Jawabin Ɗanta

Rana ta take tsaka, Amarya na tsaye a gidan mai tana zuba wa wata mota fetur, hawaye na bin kumatunta. Amarya dai suna ne da dangin miji suka laƙaba mata, har mijin ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya sunan bai goge ba. Yau wata uku rabonta da yarinyar! Yayan marigayin, Honarabul, ɗan majalisar da ke neman komawa kujerarsa, shi ya aika mota har makaranta aka ɗauke ta, wai ba za a raini jininsu a hannun macen da ke tsayuwa bakin titi tana gaisawa da direbobi ba.

Abin takaicin, duk inda ta juya muryarsa ce. Kowace mota ta tsaya, rediyo na amsa kuwwa: "Mace ado ce ta cikin gida! Duk wadda ta fita aiki ta zubar da tarbiyyar 'ya'yanta! Ku mayar da ni, in kawo dokar da za ta mayar da su ɗaki!" Kai, mutumin nan bai bar ta haka ba, har hotonta ya sa aka ɗauka yana ɗagawa a taro. Masu motoci suka fara kauce wa famfonta, manaja kuma ya ce ƙarshen wata ta nemi wani wuri.

Ta je gidansa ta durƙusa a gaban motarsa.

"Yaya, don girman Allah... ko ganinta ne in yi."

"Ki ajiye aikin nan tukuna," ya ce, ko gilashi bai gama saukewa ba.

"In ajiye mu ci me, Yaya? Tun rasuwar ƙaninka wa ya taɓa leƙo mu?"

"Sai ki yi haƙuri," in ji shi, mota ta wuce ta bar ta da ƙura.

Haƙuri! Ta koma gida ta kifa kai kan ɗan gadon yarinyar, ta yi kuka har muryarta ta dushe. "Ya Allah, Kai ne gatana... Ka ga ban ci haƙƙin kowa ba."

Ranar babban taronsa a filin da ke kallon gidan man, ta tsallaka ta tsaya can baya ko za ta hango 'yarta. Honarabul yana da wata ɗabi'a: duk taro sai ya ɗora mahaifiyarsa, Inna, kan dandamali, don ya san kunnenta ya yi nauyi, ita dai gyaɗa kai take tana murmushi. To, ranar nan masu haɗa kaya suka girke ƙatuwar lasifika daidai bayan kujerarta, shi kuwa bai lura ba.

"Ku dubi mahaifiyata!" ya ɗaga murya. "Ba ta taɓa taka ƙofar gida da sunan aiki ba, shi ya sa na zama mutum! Ba irin matar ƙanina ba, da na ƙwace 'yarta don in cece ta!"

Murmushin Inna ya ɗauke. Ta dogara sandarta ta miƙe, ta fizge makirufo daga hannunsa.

"Kai! Ni ce ban fita ba? Shekara goma sha tara ina sharar asibiti bayan ubanka ya mutu, ina wanke zannuwan marasa lafiya! Da waɗanne hannaye ka yi makaranta?" Ta ɗaga tafukanta. "Ashe ƙwace yarinyar ka yi? Ni ka ce min hutu ta zo!"

Nan take ihu ya ɓarke. Matan da ke gaba suka fara yayyaga hotunansa, Honarabul ya sulale ta bayan dandamali hularsa a hannu. Kujerar kuwa, ranar zaɓe ko a akwatin unguwarsu bai ci ba.

Tun kafin la'asar ta ranar taron, Inna ta iso gidan man riƙe da hannun jikarta. Yarinyar ta kwasa da gudu, "Mama! Mama!" Amarya ta zube ƙasa ta rungume ta, suna kuka, har manaja ya kawar da kai yana goge ido, ya ce maganar kora a bar ta.

Inna ta dafa kanta. "Ki yafe min, 'yata, kunne ne ya cuce ni. Gidanki zan koma. Gobe ki fito aikinki da wuri, ni zan kai ta makaranta."