Ƙura a Tafin Hannun Inna

"Kowa ya kwanta!"

Daram! Ƙofar ma'ajiyar shagon gwal ta yi sama. Hayaƙi, ihu, gilasai ko'ina! Mai-Dutse ne ya dasa nakiyar, don fasa duwatsu ne aikinsa kafin a sallame shi. Mai gadi na kwance cikin jini yana salati.

Ogan gungun ya daka tsawa: "Ku kwashe mu fece!"

Da la'asar Mai-Dutse ya faɗa ɗakin mahaifiyarsa makauniya yana haki. Ta laluba ta kama hannayensa, ta riƙe gam.

"Ɗan nan, lafiya?"

"Aiki na samu, Inna. Tashi, yau zan kai ki wurin likitan ido."

Ya shige bayi, ya dirje hannayensa da sabulu da fetur har fata ta saɓule.

Ya riƙo Inna zuwa tashar jirgin ƙasa, inda Oga ya ce su haɗu, suka tarar 'yan sanda sun tare ƙofa. Kowa sai an goga masa 'yar takarda a tafin hannu, a zura ta cikin na'ura.

"Cajin lantarki ke zaƙulo ƙurar," in ji wani kofur. "Ƙwaya ko nakiya, komai ƙanƙantarta, sai ta fito."

Oga ya wuce sumul, dama bai taɓa nakiyar ba. Aka goga wa Mai-Dutse. Fitilar na'ura ta nuna kore! Ya tsallake.

Sai Inna.

Ƙiii — ja!

Bindigogi suka juyo kanta.

"Tsohuwa, da wa kike tafe?"

Oga ya damƙi wuyan rigar Mai-Dutse. "Kar ka waiga, ɗan iska. Jirgi zai tashi. Ka yi motsi in farke ka."

Inna ta shafa tafin hannunta a hankali, hannun da ya riƙe na ɗanta ɗazu.

"Ni kaɗai ce," ta ce.

Ankwa ta yi ƙara a hannunta.

"Uwata ce!" Mai-Dutse ya kurma ihu. "Ni ne! Ga ogan nan, gwal na jikinsa!"

Oga ya hankaɗa shi, ya arce. Tau! Tau! Ya kife a bakin layin dogo, sarƙoƙin gwal na zubowa daga cikin rigarsa.

Mai gadi bai kai magariba ba, ya bar matarsa da goyo. Ranar yanke wa Mai-Dutse hukunci Inna na zaune a bencin baya na kotu. Ba ta ga fitar ɗanta ba. Ƙarar marin ƙarfen da ke ƙafarsa kawai ta bi da kunne, har ta daina jinta.