Rabin Kofin Shayi

"Rabin kofi, Mahrukh! Matar da ta tako ƙafa ta zo nema wa ɗanta aurenki, ita kika zuba wa rabin kofi!"

Mahrukh na tsaye a bakin kicin, ko kayan kwalliyar tarbar baƙin ba ta cire ba.

"Ammi, wallahi girmamawa ce. A Samarkand..."

"Kar ki sake ce min Samarkand! Na saya miki mangwaro, kin ce kankanar can ta fi zaƙi. Na gasa gurasa, kin ce ta can ta fi ƙamshi. To nan Multan ce! A Multan in kin ba baƙo rabin kofi, kin nuna masa mu marowata ne, ko kuma shi ne bai isa ba!"

Maganar gaskiya, mahaifiyar tata tana da hujjar gajiya. Wata takwas da dawowar Mahrukh daga karatun likita a ƙasar waje, amma jikinta ne kawai ya dawo. Shekara shida ta yi a Samarkand, a gidan wata tsohuwa, Gwaggo Gulnora, wadda ta ba ta ɗaki ta kuma riƙe ta kamar 'yar cikinta. Ba ranar da ba ta tuna rumfar inabin tsakar gidan, da dusar ƙanƙara a kan shuɗɗan ƙubbobin masallatai, da dafa-dukar shinkafa mai karas da naman rago ta ranar Lahadi.

Ranar da ta fara cika wa baƙo kofi a gidan, sai da tsohuwar ta buge mata hannu. "Korarsa kike? In kin cika, kin ce masa sha ka tafi. Kaɗan ake zubawa, ya sha da zafinsa, ki ƙara, ki sake ƙarawa, ya san ba ki gaji da shi ba."

Baƙon da ta fi zuba wa kuwa Shehroz ne, ɗan ajinsu, shi ma ɗan Multan. Shekara huɗu cur, kowace Lahadi yana ƙarƙashin rumfar nan yana miƙo kofi yana murmushi. A nan ya fara ce mata Mahi. A nan ya rantse ba zai auri kowa ba sai ita.

Yau da mahaifiyarsa, Anti Tasnim, ta zauna a falonsu, Mahrukh ce ta kawo shayi. So take ta karrama matar iyakar karramawa, sai hannu ya yi abin da ya saba. Anti Tasnim ta leƙa kofin, ta ɗago ta ce, "Madara ce ta ƙare muku?" Ko minti goma ba ta ƙara ba ta tashi.

Shehroz yana zaune a gefen uwarsa, kuma bai ce uffan ba. Wannan shi ya fi ci wa Mahrukh rai.

Washegari da hantsi ya kira ta.

"Mahi, rayuwata, kin jawo mana..."

"Na jawo mana? Kai ba ka san ma'anarsa ba? Kalma ɗaya fa za ka faɗa!"

"Ki gane mana. Ammina ba ta san mun saba ba. A saninta wata gwaggona ce ta gano ki, ni kuwa daga nesa kawai nake hango ki a aji. In na fara kare ki, za ta ce dama can kin shanye ni."

"To ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi, Shehroz. Aure za mu yi!"

"Za mu yi, in sha Allahu. Ki zo kawai ki ba ta haƙuri. Ina wurin, ba zan bari a ci miki fuska ba."

"Ka yi alkawari?"

"Haba Mahi... ni ne fa."

Ta ajiye wayar tana huci. Ita da ta yi niyyar alheri, ita ce kuma za ta je roƙon gafara! Amma tana sonsa, so irin mai sa mutum ya haɗiye abin da ba ya haɗiyuwa.

Ammi ta sayo babban gwangwanin alewa daga shagon da ya fi kowanne suna a kasuwa. A cikin adaidaita ma, a hanyarsu ta zuwa gidan su Shehroz, ba ta bar Mahrukh ta huta ba.

"Ki sunkuyar da kai. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Kuma in sunan garin nan ya fito daga bakinki, ni da ke ne."

Anti Tasnim ta karɓe su a hakimce, ta sa aka ɗora alewar kan tebur ba tare da ta kalle ta ba. Shehroz na gefe yana wasa da agogon hannunsa.

Mahrukh ta zame ƙasa. "Anti, ki yafe min. Ban yi don raini ba."

"To don me kika yi, 'yan mata?"

Ammi ta zungure ta, amma an riga an tambaya.

"A inda muka yi karatu haka ake wa babban baƙo. Kaɗan ake zubawa, a yi ta ƙarawa, don ya daɗe."

Anti Tasnim ta yi wata 'yar dariya. "Ikon Allah! Yau na ji sabuwa. To ai abin da sauƙi, ga wanda ya zauna can." Ta juya. "Shehroz, haka suke yi?"

Mahrukh ta ɗago ta dube shi. Har ta fara jin sanyi a ranta.

Ya sosa ƙeya. Ya kalli uwarsa, ya kalli ƙasa.

"Ni... ɗakin kwanan ɗalibai na zauna, Ammi, cikin 'yan ƙasarmu. Ban taɓa shiga gidajensu ba. Ban sani ba gaskiya."

Anti Tasnim ta juyo wajen Mahrukh.

"Kin ji ko?" in ji Anti Tasnim. "Laifi ɗaya ne da, yanzu kin ƙara da ƙarya. Amma ba komai, ni mai haƙuri ce. In kin shigo gidana za ki koyi tarbiyya daga farko."

Ammi ba ta kalli matar ba. Fuskar 'yarta take kallo, sannan ta kalli yaron da zufa ta jiƙa wa goshi. Uwa ce, ta san wanda ya yi ƙarya a ɗakin.

Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta sa hannu ta ɗauke gwangwanin alewarta daga tebur.

"Surutu 'yata ke da shi, ba ta ƙarya. Tashi mu tafi, Mahrukh."

A bakin ƙofar gida ya cim musu yana haki.

"Mahi! Mahi, tsaya don Allah! Na ruɗe ne. Bayan biki zan gaya mata komai, na rantse!"

"Bayan biki?"

"Kin san halinta... uwata ce fa. Ya kike so in yi?"

Hawayen da take ta dannewa suka zubo. Ba ta share ba.

"Ka ce ba ka taɓa shiga gidan ba, Shehroz."

"Magana ce kawai!"

"Ni kuma a gidan nan na san ka. A can na so ka. In ba ka taɓa zuwa ba, to ban san ko kai wane ne ba."

"Mahi, kar ki yi min haka..."

Ta shige adaidaita. Ammi ta jawo kan 'yarta ta ɗora a cinyarta, kamar lokacin da take ƙarama, tana jin yadda jikin yarinyar ke jijjiga da kuka. Shehroz ya riƙe ƙarfen ƙofar yana kiran sunanta, har mai adaidaitar ya waiwayo ya ce, "Hajiya, a jira shi ne?"

Ammi ta ce, "Ba ma tare da shi. Ja mu tafi."