Rana Ce Ta Kayar da Shi

A kasuwar Ƙofar Wambai Bahijja ta fara ganin Muttaka. Ta je sayen bokiti, shi kuma yana jera robobi.

"Hajiya, ɗauki ja, shi ya dace da ke."

Ta harare shi, amma fa jan ta ɗauka. Kafin watan azumi ya kama, yaran unguwarsu ta Shahuci duk sun san wanda ke sallama da ita.

Azumin kuwa ya faɗo tsakiyar bazara. Wata azahar Muttaka na sauke kaya, sai ya fara sambatu, ya yanke jiki ya faɗi yana fizge-fizge. Kun dai san matan unguwa. Kafin a isa asibiti da shi, sun gama yanke hukunci: farfaɗiya ce, wai har kakansa yana yi. Kakan da ba wadda ta taɓa gani!

Malam Gwadabe, mahaifin Bahijja, ya ce, "Ba na haɗa zuri'a da masu faɗuwa. Kar ya sake zuwa."

Saƙon Muttaka ya shigo wayar Bahijja: "Bahina, likita ya ce zafin rana ne ya buge ni, jikina ya kasa hucewa. Wallahi ba ni da wancan ciwon. Don Allah ki daina kuka."

Ta amsa: "Na yarda da kai, Nurina. Baba ne ya ƙi." Kukan kuma ba ta daina ba.

A goman ƙarshe Malam ya dawo daga maƙabarta da tsakar rana, cikin babbar riga, ga azumi. A ƙofar gida ya zube. Maƙwabta suka ja baya, wani ya lulluɓa masa bargo, wata ta kawo turaren aljanu. Bahijja ta taɓa goshinsa: zafi kamar tanda, ba ɗigon gumi. Nan take ta kira Muttaka a waya.

Yana isowa ya ce, "Ku yaye bargon nan!" Ya ja Malam inuwar zaure, ya tuɓe masa riga, ya yi ta sheƙa masa ruwan randa, ya sa ƙanƙara a wuya da hammata. "Bahijja, fifita! Kar a ɗura masa ruwa, bai san inda yake ba. A tsayar da adaidaita!"

A asibiti Malam ya buɗe ido, ya daɗe yana kallon Muttaka.

"Haka kai ma ka ji, yaro?"

"Haka ne, Baba."

Ya juya wajen ƙaninsa, Kawu Sabo. "Ka ba shi ita."

Jikin tsufa ne, zafin ya riga ya taɓa ƙoda. Malam bai ga Sallah ba.

Bayan arba'in aka ɗaura aure, ba kiɗa ba guɗa. Da za a kai amarya, aka bi da ita turakar mahaifinta don nasiha, yadda aka saba. Ta durƙusa gaban buzun da ba kowa a kai, ta kasa tashi.

Kawu Sabo ya dafa kanta.

"Tashi, 'yata. Da bakinsa ya ba da ke. Allah ya yi muku albarka, ya sanyaya makwancinsa."